Yadda za ka raba wayarka da manhajojin talla

Idan talla ta fara faɗo maka a fuskar waya alhali ba ka buɗe komai ba, data na ƙarewa da wuri, caji kuma na zuƙewa wayar tana aljihu, to da alama akwai manhajar da ke wannan ɓarna. Galibi ana turo irinsu ne ta Xender, ko mai shagon caji ya zuba maka su tare da waƙoƙi, kuma sukan zo da sunan mai share datti, tocila, ko WhatsApp na jabu irin GBWhatsApp, wanda kan jawo a rufe wa mutum asusunsa.

Ka fara da gano mai laifin. A yawancin wayoyin Android, idan ka danna maɓallin kashewa ka riƙe yatsa a kan Power off, zaɓin Safe mode zai fito. A wannan yanayi manhajojin da aka saka daga baya ba sa aiki, saboda haka idan tallar ta tsaya, ɗaya daga cikinsu ce. Shiga Settings, sannan Apps, ka bi jerin a tsanake, ka lura da wadda ba ta da suna ko hoto sai fili kawai, domin da gangan aka ɓoye ta. Idan ta ƙi goguwa, wataƙila ta karɓi ikon Device admin ne, wato ikon kula da wayar da ke hana a goge manhaja. Cire mata shi a sashen tsaro, sannan ka goge ta.

Daga nan sai ka toshe ƙofar da ta shigo. Janye izinin Install unknown apps, wato damar saka manhajar da ba daga Play Store ta fito ba, daga Chrome da Xender, ka duba waɗanda ka bai wa damar bayyana a kan sauran manhajoji, domin da wannan damar talla ke rufe maka fuska kana tsakiyar kira. Ka kunna Play Protect, mai binciken manhajoji masu cutarwa a cikin Play Store, wanda Google ya fito da shi a 2017. Wani lokacin ma ba manhaja ba ce, shafin intanet ne da ka danna wa Allow cikin sauri. Soke shi a sashen sanarwa na Chrome.

Akwai masu taurin kai irin xHelper, wadda a 2019 aka gano tana dawowa ko bayan an mayar da waya saitin kamfani. Idan haka ta faru, kwashe hotunanka da lambobinka, ka kai wa amintaccen mai gyara ya sake ɗora mata tsarin kamfani daga tushe.