Yadda Ake Bitar Wasan Ces Bayan An Tashi Daga Gasa

Abu na farko, kada ka taɓa injin tukuna, wato manhajar kwamfuta mai nazarin wasan ces, irin su Stockfish. Yawancin 'yan kulob da ke shekara da shekaru ba sa gaba, cutarsu ke nan: da an tashi wasa sai su zuba shi a Stockfish, ya nuna musu inda suka kauce, su gyaɗa kai, gobe su sake tafka irinsa. Mikhail Botvinnik, wanda ya zama zakaran duniya a 1948, ɗalibansa da kansu yake sa su tone wasanninsu.

Tun da zafinsa, ka ja abokin karawarka gefe ku sake jera 'ya'yan. Ce masa, "Malam, me ka fi tsoro a nan?" Sau da yawa abin da ya tayar maka da hankali shi ko ganinsa bai yi ba.

A gida, ɗauko takardar da ka rubuta wasan, ka shimfiɗa allo na gaske. Waya tana sa gaggawa. Aikin duka a nan yake: nemo inda wasan ya juya. Kowa gudu yake zuwa inda aka cinye masa sarauniya, alhali ɓarnar ta riga ta faru tun can baya. Dubi wannan (harafi da lamba sunan gida ne a allo; N doki ne, B bishop, x kuma ci): e4 e5, Nf3 Nc6, Bc4 Nf6, Ng5 d5, exd5. Mai baƙi ya rama da doki, Nxd5, ba tare da ya tsaya tunani ba. Sai fari ya ba da dokinsa a f7, sarauniya ta fito f3, sarkin baƙi ya tsinci kansa a tsakiyar fili. A nan aka ci shi, don Na5 ya kamata ya buga. A irin wannan gaɓa, rubuta abin da ke ranka a lokacin, waɗanne zaɓi ka auna, minti nawa suka rage a agogo. In amsar ita ce "ban duba f7 ba", to ka kama ɓarawon.

Sai yanzu injin. Shafin ces na intanet mai suna Lichess yana da shi, kuma kyauta ne, ba sai ka biya ko sisi ba. Injin yana ba kowane motsi lamba mai nuna wanda ke kan gaba. Rabu da bambancin 0.3, duba inda lambar ta yi tsalle da 2 ko fiye. Ƙarshen wasa kuwa, leƙa shi a gurguje. Rubuta kuskure ɗaya tak a littafi. In ya sake ɓullowa a wasa uku, a kansa za ka yi atisaye makon nan.