Yadda ake warware rikicin GPT da MBR wajen saka Windows

Duk yaron da ya zo koyon gyaran kwamfuta a shagona, wuri ɗaya yake cijewa. Ya zaɓi faifan da zai saka wa Windows, sai saƙo ya fito wai ba za ta shiga ba saboda faifan GPT ne, ko kuma MBR ne. Nan da nan sai ya ce, "Oga, faifan ya mutu." Alhali lafiyarsa ƙalau.

GPT da MBR tsari biyu ne na raba faifan kwamfuta zuwa ɓangarori. Yadda ka tayar da filashin da ke ɗauke da Windows ne bai dace da tsarin faifan ba. UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, da GPT yake tafiya, tsohon tsarin Legacy kuma da MBR. Saboda haka kafin ka taɓa faifan, sake kunna kwamfutar ka danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce, don ta nuna maka jerin abubuwan da za ka iya tayar da ita da su. Sau da yawa filashin zai fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa. In faifan GPT ne, zaɓi wannan. Ko fayil ɗaya ba za ka rasa ba.

In kuwa dole sai an sauya tsarin, kwashe kayan mai ita tukuna. Sannan a shafin saka Windows danna Shift da F10, a baƙin allon da zai buɗe rubuta diskpart, sai list disk don ganin jerin faifan. Wanda ke da tauraro a layin Gpt, GPT ne.

To, nan ake ɓarna. Kada ka ɗauka kullum disk 0 ne naka. Duba girman kowanne, don filashinka ma yana cikin jerin. Na taɓa buga select disk 0 a kwamfuta mai faifai biyu, na bi shi da clean, hotunan bikin wani bawan Allah suka tafi. Ita clean goge komai na faifan da ka zaɓa take yi, kuma ba ta tambayar ko ka tabbata. Tun daga ranar nake zare faifai na biyu da hannuna kafin in fara, kai ma haka za ka yi.

In ka gane naka, rubuta select disk da lambarsa, sai clean. Bayan clean sai convert gpt. Ni GPT nake zaɓa: MBR ba ya amfani da abin da ya haura 2TB, manyan ɓangarori 4 kawai yake ɗauka, Windows 11 kuma UEFI take buƙata.

Fita, danna Refresh, zaɓi filin da ba a raba ba, danna Next. Ƙananan ɓangarorin da Windows za ta yanka wa kanta, kada ka goge su.