Yadda Mai Doki Zai Tsare Dokinsa Daga Magudi Kafin Ranar Sukuwa

A Damagaram, inda doki ke da daraja tun daga hawan sallah a ƙofar fada har zuwa filin sukuwa, wajibi ne mai doki ya sani cewa magudin tsere kan fara ne daga barga, tun kafin a ɗaura sirdi.

Da farko ka san lafiyar dokinka tun yana turke. Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa ka ƙirga bugun jini, domin doki mai lafiya da yake hutawa yakan buga tsakanin 28 zuwa 44 a minti ɗaya, zafin jikinsa kuwa tsakanin digiri 37.5 zuwa 38.5 ne. Idan ka tarar da shi da asuba yana zuba gumi ba a hau shi ba, yana karkarwa, ko kuwa ya saki leɓe ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, to kada ka tsaya tambayar yaran barga, ka kira likitan dabbobi.

Kwana uku kafin tsere, mutum ɗaya amintacce ne kaɗai zai auna masa gero da dusa da harawa, kuma ya kwana kusa da shi. A lura da bokitin ruwa, domin dokin da aka cika wa ciki dab da tashi ba ya sakin ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda mai doki ke yi da hannunsa, wato ba shi tiramol ko allurar kashe ciwo don ya yi gudu a kan ƙafar da ta ji rauni. Maganin yana ɓoye ɗingishi ne kawai, raunin yana nan, sai dabba ta taka da ƙarfinta duka har ƙashi ya karye da mahayi a bayanta. Ko a Amurka, dokin nan Medina Spirit da ya zo na ɗaya a tseren Kentucky na 2021 an ƙwace nasararsa saboda maganin kumburi da aka samu a jikinsa.

Game da mahayi kuwa, ka biya shi haƙƙinsa tun da wuri, ka hana shi hulɗa da masu caca. A lokacin tsere ka duba hannunsa, musamman a zagayen ƙarshe: wanda aka saya yakan takura linzami alhali doki na neman wucewa. In ka ga haka, ka kai ƙara gaban alƙalan tsere nan take tare da shaidu biyu, kafin a raba kyauta.