Yadda Ake Kula da Kwamfutar Gida Ta Daɗe Tana Aiki

Ƙura ce ke fara cin kwamfuta tun kafin ɓarayin intanet su iso gare ta. Fanka tana zuƙo iska don sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, iskar kuma tana shigowa da ƙura da zare, su taru su toshe ƙarfen da ke fitar da zafi kamar an cusa auduga. Daga nan sai ka ji fanka tana ruri ba hutawa, ƙasan laftof ya ɗauki zafin da cinya ba za ta jure ba, aiki ya yi nauyi. Idan zafin furosesa ya doshi digiri 100 a ma'aunin Celsius, da kanta take rage gudu, in abin ya ci tura kwamfutar ta mutu.

Duk wata 6 ka kashe ta, ka zare wayar wuta, ka bari ta huce. Ka fesa mata iskar gwangwani kaɗan-kaɗan, gwangwanin a tsaye, domin in ka karkata shi ruwa mai tsananin sanyi ne zai fito. Ka tokare fikafikan fankar da tsinke kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kafin ka sa hannu a ciki, taɓa ƙarfen akwatin don lantarkin jikinka ya sauka. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta yakan bushe bayan 'yan shekaru. A goge tsohon tas, a ɗiga sabo ɗigo ɗaya a tsakiya. Laftof kuwa ba a ɗora shi a kan katifa ko filo.

Abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ajiyar fayiloli, alhali hotunan iyali da takardu ba a sayen su a shago. Ka mallaki kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya kuma ya kasance a wajen gida, ko a ma'ajiyar intanet irin Google Drive ko OneDrive. Da ka gama kwafa a faifan waje, cire shi. Manhajar 'yan garkuwa da fayiloli tana kulle duk abin da ta tarar a jone. Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin ka tabbata yana buɗuwa. In ka ji faifan HDD, wato faifan ajiya mai juyawa, yana ƙas-ƙas, kwashe kayanka a ranar, ya kusa tafiya.

Kada ka riƙa ɗage sabunta Windows da sauran manhajoji. WannaCry, wata manhajar 'yan garkuwa da fayiloli, ta afka wa kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, bayan Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka ji jiki. Kamfanin ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka mai ita ya duba ko na'urarsa za ta ɗauki Windows 11. Microsoft Defender, rigakafin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke zuwa da Windows, ya wadatar a gida, haɗa rigakafi biyu karo da juna suke yi. Manhajar da aka kwafo ta hanyar sata kuwa ka yi nesa da ita, ta nan ƙwayoyin cuta kan shigo. Yara a buɗe musu asusunsu daban, wanda ba ya iya girka komai.

Kwamfutar tebur tana son UPS, wato na'ura mai batiri da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, don ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubutu a faifai na lalata fayil. Batirin laftof da ya kumbura har ya ɗaga madannai, a daina cajinsa nan take a canza shi, yana iya kamawa da wuta.