Yadda Ake Gwada Kyamarar Waya Kafin A Biya Kuɗi

Ina yawan zama a shagon wani abokina mai sayar da waya a wajen Wunti, nan cikin garin Bauchi, kuma abu ɗaya nake gani kusan kullum. Mutum zai shigo ya ce a ba shi waya mai fitar da hoto. A miƙo masa guda biyu, ya juya bayansu ya ƙirga idanun kyamara, ya karanta lambar da ke jikin kwali, ya leƙa bakin ƙofa ya ɗauki mai Keke Napep da ke wucewa, sannan ya ce, "Wannan ta fi fitarwa, Alhaji, nawa za ka bar min?" Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo, wai hoton ba ya fita a gida. Ni ma haka na yi a shekarun baya, kuma abin da na rasa a dalilin haka ba zai dawo ba.

Kafin ka taka zuwa kasuwa, buɗe tsohuwar wayarka ka duba hotuna 50 na ƙarshe da ka ɗauka. A ina ka ɗauke su, kuma da wane lokaci? Yawancinmu za mu tarar da yara ne a tsakar gida, da taron biki ko suna a cikin ɗaki, da kayan sayarwa da ake ɗorawa a sitatus, sai takardar makaranta ko rasit. Tafiya Yankari sau ɗaya ce a shekara, in ma an je. To irin hotunan nan na kullum su za ka gwada wayar da su.

Matsalar farko ita ce sabuwar waya a rufe take cikin kwalinta, kuma mai shago ba zai fasa maka hatimi ba sai ka biya. Kada ka ga laifinsa, in ya fasa ta zama ta hannu. Dabarar ita ce ka tsayar da wayoyi biyu da kuɗinka zai kai, kada su wuce biyu, sannan ka nemi masu riƙe da irinsu a majalisarku ko wajen aiki ko cikin dangi. Tecno, Infinix, Redmi da Samsung samfurin A sun cika gari, da wuya ka rasa mai irin wadda kake so. Ka roƙe su aron rabin sa'a da yamma. Wannan ya fi maka duk bayanin da za a yi maka a shago, gani ya kori ji.

Sai ka cire lambar megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, daga ranka. Wayar da aka rubuta wa 50, in ka danna ta yadda take, hoton da take ba ka na 12.5 ne, domin tana haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya don ta tara haske. Mai 108 kuma yawanci tara take haɗawa ta ba ka 12. iPhone tun daga 6s ta 2015 har zuwa 13 ta 2021 a kan 12 babbar kyamararta ta tsaya, kuma ba wanda ya ce hotonta ba ya fita. Abin da ke aiki shi ne girman sensar da ke karɓar haske, da faɗin ƙofar da hasken ke shiga, da kuma yadda kwakwalwar wayar ke gyara hoton bayan ka danna. Ƙofar nan ita ce lambar da ake rubutawa kamar f/1.8, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Yawan idanu a baya kuwa, ba girin-girin ba dai ta yi mai. A ƙananan wayoyi da yawa ido ɗaya ne ke aikin gaske, sauran masu megafiksel 2 ne da ba za ka taɓa waiwayarsu ba. Ni na fi son waya mai ido biyu masu aiki a kan mai huɗu na ado.

Idan wayoyin biyu sun zo hannunka, ka daidaita su tukuna. Goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi, musamman da hunturu, lokacin da ƙura da man da muke shafawa ke haɗuwa su sa kowane hoto ya yi hazo. Na sha ganin an yanke wa waya hukunci alhali maiƙon yatsa ne kawai a idonta. Kashe filta da abin gyaran fuska, kashe filasha, ka bar kowacce a tsarin hoto na farko da take buɗewa da shi. Ka tsaya wuri ɗaya, ka ɗauki abu ɗaya, da wannan sannan da waccan, sau uku-uku.

Gwajin rana ba ya ɗaukar lokaci, domin da hasken rana kusan kowace wayar zamani tana ƙoƙari. Abu ɗaya za ka nema: ka sami mutum baƙi sanye da farar shadda mai aiki a wuya, ka tsayar da shi cikin rana. Wayar da ba ta da ƙarfi dole ta zaɓi ɗaya, ko dai ta fitar da fuskar shaddar ta ƙone fari fat aikin ya ɓace, ko ta fitar da aikin fuskar ta koma duhu. Mai kyau za ta riƙe duka biyun. Ka kuma lura da launin fatar. Wasu wayoyi suna haska mutum har ya koma kamar an shafa masa toka, mutane kuma su ce ta yi kyau saboda ta ƙara musu fari. A wurina wannan aibi ne. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya daɗe yana tallata cewa ya tsara kyamararsa don baƙar fata, Google ma ya shigo da nasa tsarin a Pixel 6 a 2021, amma kada ka tsaya a talla, fuskar ɗan'uwanka da ka sani ita ce ma'auni. Mai sayar da atamfa ko leshi kuma ta shimfiɗa ja da shuɗi da shunayya a inuwa ta ɗauka, ta ajiye wayar kusa da yadin ta kwatanta. Wayar da ke mayar da shunayya shuɗi za ta haɗa ki rigima da masu saye.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka, domin nan ne na faɗi.

Lokacin da aka haifa mana 'yarmu ta fari, na sayi sabuwar waya musamman don ranar suna. Na gwada ta a bakin shago da azahar, hoton ya fita tar. Ranar suna da safe a ƙofar gida, wajen raɗin suna da rabon goro, komai lafiya. Da yamma ta yi, mata suka cika ɗakin mai jego, kakata ta wajen uwa ta karɓi jaririyar ta rungume tana yi mata wasa. Ƙwan lantarki ɗaya ne a ɗakin, labule a sake. Na ɗauki hoto ya fi ashirin, a fuskar wayar kuma na ga kamar sun yi. Sai da dare na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na tarar babu ko ɗaya da fuskar tsohuwar ta fito. Duk sun yi dishi-dishi, hannunta ya zama kamar hayaƙi. Tsohuwar ba ta kai wata shekarar ba, Allah Ya jiƙanta, kuma ranar ce kaɗai na ɗauke su tare.

Daga baya na fahimci dalili. In haske ya yi ƙaranci, kyamara tana barin idonta a buɗe na ɗan lokaci mai tsawo don ta tara haske. Duk abin da ya motsa a cikin wannan ɗan lokacin, ko hannunka ne ko kan yaro, zai shafe. In kuma ta ƙi jira, sai ta ƙara wa sensar ƙarfi, hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, sannan ta bi ta goge tsakin har fuska ta koma kamar ta roba. Kowace waya tana da yadda take raba wannan asarar, kuma a nan ne wayoyi biyu masu kuɗi ɗaya suke rabuwa nesa da juna.

Saboda haka ka yi gwajin nan bayan magariba, a cikin ɗaki irin naka, da ƙwan da kuka saba kunnawa. Kada ka ƙara fitila. Fara da mutum a zaune shiru, sau uku da kowace waya. Sannan ka kira yaro ɗan shekara uku ko huɗu, kada ka ce masa ya tsaya, ka bar shi yana maganarsa yana juya kai, ka danna sau goma da kowacce. Ka ƙirga guda nawa ne idanunsa suka fito sarai. Wayar da ta ba ka shida cikin goma ta fi wadda ta ba ka biyu, ko da mai biyun ta fi haske da kyan launi. Ka lura kuma da jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka. Akwai wayar da sai yaro ya gama dariyar sannan take kamawa.

Mai waya zai ce maka ai akwai tsarin dare. Akwai shi, kuma yana aiki, amma ka san abin da yake yi: hotuna da yawa yake ɗauka cikin daƙiƙa biyu ko uku ko fiye ya haɗa su wuri ɗaya. Ya dace da masallaci da dare, ko titi, ko kaya a kan tebur. Bai dace da amarya da ƙawayenta suna shewa ba. Haka ma abin da ake rubutawa OIS, wanda ke sa gilashin kyamarar ya riƙa motsi yana rama rawar hannunka. Yana da amfani ƙwarai, kuma in bambancin kuɗin bai yi yawa ba ni ina cewa a ƙara a ɗauki mai shi, ko da za a haƙura da girman memori. Amma rawar hannunka kaɗai yake gyarawa, ba ya tsayar da yaro.

In an ɗauke wuta kuna cikin gwajin, kada ka fasa. Kunna fitilar caji ka ci gaba, ai a haka muke rayuwa rabin lokaci.

Bayan ka gama ɗauka, kada ka yanke hukunci a fuskar kowace waya. Wannan kuskuren ya cinye mutane da yawa. Wayar da ke da sikirin AMOLED tana ƙara wa launi armashi, hoton da bai kai ba sai ya yi kyau a kanta, in ka tura wa wani ya ga wani abu daban. Tattara hotunan duka a wuri ɗaya, kwamfuta in akwai, in babu wata waya ta uku. Ka tura ta Xender ko Bluetooth, ba ka ma kashe data ba. In dole sai ta WhatsApp, ka tura su a matsayin fayil, domin hanyar da aka saba tana matse hoto ta zubar da rabin bayaninsa, ko da ka danna HD ɗin da suka ƙara a 2023 yana ragewa. Sai ka buɗe kowane hoto ka ja shi da yatsu biyu zuwa ido, da gashin gira, da zaren hula. In da hali ka nuna wa wani a gida ba tare da ka gaya masa wace waya ce ta ɗauki wanne ba. Uwargida ta fi ni ido a wannan, ita ba ruwanta da sunan kamfani.

Bayan haka ka ɗauki guda biyu daga cikin masu kyan ka tura su sitatus yadda ka saba, tunda a can yawancinsu za su ƙare.

Sauran gwaje-gwajen ba su da wuya. Zuƙowa: gwada ninki 2 a kan allon wani shago daga tsallaken titi ka ga ko rubutun na karantuwa. Ninki 10 ko 20 da ake tallatawa, in wayar ba ta da idon nesa na musamman, yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta kumbura shi, don haka kada ka sa ran kamo fuskar mahayi daga bayan taro ranar hawan Sallah. Bidiyo: yi tafiya taku goma kana ɗauka kana magana, ka duba girgiza, ka saurari muryar, ka kuma ɗaga ta wajen ƙwan ɗaki ka ga ko hoton na ƙyaftawa. Kyamarar gaba sau biyu ta isa, ɗaya a waje ɗaya a ɗaki, filta a kashe. Ka ɗauki shafin littafi ma ka ga ko gefunan sun fito kamar tsakiyar.

In ta hannu za ka saya, irin Landan yus, to a nan kana da damar gwada ita kanta wayar a shago. Haska gilashin kyamarar da tocila ka nemi ƙarzuwa ko ƙura a ciki, sannan ka ɗauki farar takarda, duk wani baƙin ɗigo zai bayyana. Kusanto da ita ga yatsanka ka janye ka ga ko tana kama abu da sauri ko tana ta lalube. A iPhone 12 zuwa sama, in an canza kyamarar da wadda ba ta asali ba, wayar tana nunawa a shafin bayananta cikin saituna. Ka ce wa mai shagon, "Alhaji, don Allah a ba ni minti biyar in shiga can ciki inda babu haske." Ka ja abokinka zuwa lungun shagon, ka sa shi ya riƙa juya kai yana magana, ka danna sau goma.