Yadda ake musun dakatar da ɗan ƙwallo da lissafin kofi ba a ji kunya ba

A gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada, Kawo ko Rigasa, da an busa tashi sai a koma teburin mai shayi a ɗora da musu. Abu biyu suka fi zafi: ɗan wasan da aka ce an kama da ƙwayar ƙara kuzari, da wanda zai ɗauki kofi a ƙarshen kaka. Sau da yawa akan cuɗa su wuri ɗaya, wani ya miƙe ya ce tunda an kama ɗan wasansu, dole a ƙwace musu maki. Wannan maganar ita ta fi kayar da mutane, domin doka ba haka ta ce ba. Hukuncin ƙwaya kan ɗan wasa yake sauka, kofi kuwa lissafin maki ne, kowanne da hanyar binsa.

Fara da tambayar inda shari'ar ta kai

Kafin ka ce uffan, ka tambayi mai ba da labarin: "Malam, dakatarwar wucin gadi ce, ko an yanke hukunci?" Rabin musun a nan yake mutuwa.

Ga yadda abin ke tafiya. Bayan wasa, ko a filin atisaye ba tare da sanarwa ba, jami'in awo zai karɓi fitsarin ɗan wasa, aƙalla mililita 90, a raba shi kwalba biyu, A da B, a rufe a gabansa. Ɗakin gwajin da WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayar ƙara kuzari a wasanni, ta amince da shi zai fara auna kwalbar A. Idan an ga wani abu, sai a sanar da ɗan wasan, yana kuma da damar neman a buɗe kwalbar B. Daga nan a tuhume shi a rubuce, a zauna shari'a, a yanke hukunci, sannan ya iya ɗaukaka ƙara har zuwa kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne a Suwizalan. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe akan haura shekara. Mykhailo Mudryk na Chelsea an dakatar da shi na wucin gadi a Disamban 2024, hukumar ƙwallon Ingila ba ta tuhume shi ba sai Yunin 2025.

Wanda ya yi gaggawar cewa "an kama shi, ya ƙare" ya tuna da Mamadou Sakho. A Afrilun 2016 aka tsayar da shi a Liverpool kan sinadarin higenamine, ya rasa wasan ƙarshe na kofin Europa da Sevilla ta ci su 3-1, ya rasa gasar Euro ta wannan shekarar. A watan Yuli UEFA ta yi watsi da ƙarar. A 2020 WADA ta ba shi haƙuri ta kuma biya shi diyya. Wasannin da ya rasa dai ba su dawo ba.

Kada kuma ka ce ai bai buga wasan ba, don haka ba za a auna shi ba. Paul Pogba yana benci, bai shiga ba, a wasan Juventus da Udinese na 20 ga Agustan 2023, kuma awon ranar ne ya kama shi.

Wane abu aka samu a jikinsa

Wannan ne ke nuna tsawon hukunci, ba girman sunan kulob ba. WADA, wadda aka kafa a 1999, tana fitar da jerin abubuwan da aka haramta kowace shekara, ya fara aiki 1 ga Janairu. Dokar ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ya sani ko bai sani ba. "Ban sani ba" ba ta wanke mutum, sai dai ta rage masa hukunci in ya kawo hujjar yadda abin ya shiga jikinsa.

Masu nauyi su ne na gina tsoka da ƙara jini, irin su testosterone, DHEA da EPO, da kuma meldonium da aka haramta tun 2016. A kan waɗannan shekara 4 ake farawa, ɗan wasan ne kuma zai tabbatar ba da gangan ya sha ba. Pogba DHEA ne, aka ba shi shekara 4 a Fabrairun 2024. A Oktoba CAS ta yarda cewa ba da niyyar maguɗi ya sha ba, ta mayar da shi wata 18, ya samu damar komawa fili a Maris ɗin 2025.

Akwai kuma waɗanda aka san ana iya shan su bisa kuskure, kamar magungunan sa fitsari. A kansu shekara 2 ake farawa, kuma tana iya saukowa ƙasa sosai. A nan za ka ji wani yana cewa ai maganin fitsari ba ya sa mutum gudu, zalunci ne. Gaskiya ne ba ya sa gudu. An haramta shi ne saboda yana tsinka fitsari ya ɓoye wani abin da aka sha. André Onana, lokacin yana Ajax, furosemide aka samu a jikinsa, ya ce maganin matarsa ya sha bisa kuskure. UEFA ta ba shi wata 12 a Fabrairun 2021, CAS ta rage zuwa 9. Kolo Touré na Manchester City ma maganin rage ƙiba na matarsa ne ya ja masa wata 6 a 2011.

Hodar iblis da wiwi hukuncinsu ya sauya. Tun dokar 2021, in ɗan wasa ya tabbatar ba a lokacin gasa ya sha ba kuma ba don wasa ba, wata 3 ne, ya koma wata 1 idan ya shiga shirin magani. Don haka kada ka auna shari'ar yau da ta Adrian Mutu, wanda ya sha wata 7 a 2004 Chelsea ta kuma kore shi. Dokar da aka yi masa aiki da ita ba ita ce ta yanzu ba.

Ana iya dakatar da mutum ko ba a samu komai a jikinsa ba. Rio Ferdinand na Manchester United bai je awo ba a Satumban 2003, ya ce mantuwa ya yi, aka ba shi wata 8. Samir Nasri ƙarin ruwa ya je aka yi masa a Amurka fiye da ƙima, hukuncinsa ya tashi daga wata 6 zuwa 18. Ƙa'idar yanzu ita ce kada ya wuce mililita 100 cikin awa 12, sai in a asibiti ne ake jinyarsa ko da izini na musamman.

Yaran da ke atisaye a Murtala Square da fatan wata rana su taka a filin Ahmadu Bello ko su ƙetare, wannan ya shafe su kai tsaye. Tramadol ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Wasu magungunan mura da ake saya a kemis suna da pseudoephedrine, wanda ke da iyakar da in an wuce laifi ne. Dexamethasone na sha ko na allura haramun ne lokacin gasa. Mai asma ko wata cuta da ke buƙatar irin waɗannan sai ya nemi takardar izinin jinya tun kafin a auna shi. Goro da shayi kuwa ba komai, an cire sinadarin caffeine da ke cikinsu daga jerin tun 2004.

Makin kulob

Dokar WADA ta ce sai an samu fiye da 'yan wasa biyu na ƙungiya ɗaya da laifi a cikin gasa ɗaya, wato uku zuwa sama, sannan hukunci ya hau kan ƙungiyar, ko rage maki ko kora. Mutum ɗaya ba ya taɓa sakamakon wasa. Hujjar da ta fi kusa da mu ita ce Kofin Duniya na 1994 a Amurka. Ajantina ta ci Najeriya 2-1, Siasia ya fara ci, Caniggia ya rama biyu. Bayan wasan aka auna Maradona aka samu ephedrine, aka kore shi daga gasar, aka ba shi wata 15. Sakamakon bai motsa ba. Najeriya ta hau saman rukunin ne da ƙafarta, bayan ta ci Girka 2-0, Bulgeriya kuma ta doke Ajantina.

In abokin musu ya kawo maka Everton da Nottingham Forest da Juventus, ka ce masa laifin kuɗi ne. Everton an cire mata maki 10 a Nuwamban 2023, ɗaukaka ƙara ta mayar da shi 6, daga baya aka ƙara cire 2. Forest maki 4. Juventus 10 a 2023. Tuhume-tuhume 115 da aka yi wa Manchester City a Fabrairun 2023 su ma na harkar kuɗi ne da ƙin ba masu bincike haɗin kai. Babu ƙwaya ko ɗaya a ciki.

Inda dakatarwa ke taɓa kofi shi ne rashin mutumin a fili, kuma da wasanni ake ƙirga wannan, ba da watanni ba. Wata 6 na Kolo Touré ya fara a Maris ya ƙare farkon Satumba, hutun ƙarshen kaka ya cinye kusan rabinsa. Na Ferdinand ya fara a Janairun 2004, United na saman teburi a tsakiyar watan, ya ɗauke shi duk ragowar kakar. Sun ƙare na uku da maki 75. Amma mai cewa dakatarwar ce kaɗai ta hana su kofi ya yi zuzutawa, don a kakar ce Arsenal ta tara 90 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ajax kuwa ta rasa Onana a Fabrairu, ta sa Stekelenburg a raga, ta ɗauki kofin Holan a kakar. Abin dubawa shi ne wa zai maye gurbin. Ka kuma san cewa kwanakin dakatarwar wucin gadi ana cire su daga hukunci, kuma ɗan wasa ba ya atisaye da kulob ɗinsa sai a wata biyun ƙarshe, ko rubu'in ƙarshe na hukuncin, wanda ya fi gajarta. Ranar da dakatarwa ta ƙare ba ita ce ranar da ƙafarsa za ta dawo ba.

Lissafin kofi

Ɗauki makin mai bi a baya, ka haɗa da wasannin da suka rage masa sau uku. Abin da ya fito shi ne iyakar abin da zai iya kaiwa. Na gaba yana buƙatar wannan da ƙarin maki ɗaya. A ce na farko yana da 74 bayan wasa 32, saura 6. Na biyu yana da 68 bayan wasa 31, saura 7. Iyakar na biyu 89, don haka na farko yana neman 90, wato maki 16 cikin 18 da suka rage masa: nasara biyar da canjaras ɗaya. Tazarar maki 6 da ake ta kuri da ita ba ta kai yadda ake gani ba.

Idan kuma akwai wasa a tsakaninsu, sai ka yi lissafin sau uku. Na farko ya ci, iyakar na biyu ta sauko 86, shi kuma yana da 77, yana neman 10 cikin 15. An yi canjaras, yana neman 13 cikin 15. Na biyu ya ci, kowanne iyakarsa 89, magana ta koma kan ƙwallaye.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sa kwantan wasa a aljihu kamar maki uku. Raba makin ƙungiyar da wasannin da ta buga: 68 a wasa 31 bai kai 2.2 ba. Ka ƙirga shi maki biyu, ka kuma duba a gidan wa za a buga. A gasar Najeriya ma abin ya fi tsanani, domin cin wasa a waje aiki ne ja. Kano Pillars sun yi kusan shekara 12 ba a doke su a gida ba kafin 2015. Mai kwantan wasa biyu a waje a nan, kusan bai riƙe komai ba.

In maki ya zo ɗaya, kowace ƙasa da dokarta, kuma masu kallon Firimiya sukan ɗora tasu a kan kowa. A Ingila rarar ƙwallaye ake fara dubawa, sannan yawan waɗanda aka zura. A 2012 City da United kowanne 89, City na da rarar 64, United 56, shi ya sa ƙwallon Agüero a ragar QPR ta isa. A Sifaniya sakamakon karawarsu da juna ake fara dubawa: a 2007 Real Madrid da Barcelona kowanne 76, Barcelona ta fi rarar ƙwallaye, Madrid ta ɗauki kofin. A Italiya, tun kakar 2022-23, in na ɗaya da na biyu suka yi maki ɗaya sai su buga wasan raba gardama.

Masu cewa "kofi ya tafi" tun Janairu, a tuna musu Newcastle ta ba da tazarar maki 12 a Janairun 1996 United ta kamo ta. United ɗin kanta tana gaba da maki 8 saura wasa 6 a 2012. Liverpool ta tara 97 a 2019 ta tashi ta biyu, alhali Leicester da 81 ta ɗauka a 2016. Babu wani adadin maki da ke ba da kofi shi kaɗai, sai an duba abin da na kusa da kai ya tara.

Akwai dakatarwar da ta fi ta ƙwaya yawan taɓa teburi, ba a kuma cika lissafa ta ba. A Firimiya, katin gargaɗi 5 cikin wasa 19 na farko yana hana wasa ɗaya, 10 zuwa wasa na 32 yana hana biyu, jan kati na mugun keta kuma uku. Kafin babban wasa, duba 'yan baya da 'yan tsakiyar ɓangarorin biyu, ka ga wa ke kan kati 4 ko 9, sannan ka duba ko wasan da ke gabansa ya faɗo kafin ranar da ƙirgar ke yankewa.