Yadda Ake Rage Girgizar Firintar 3D

Idan ka ga layuka suna maimaita kansu bayan kowace kusurwa ko harafi a jikin abin da ka buga, girgiza ce. Masu firinta irin Ender 3 a Gusau ko Birnin Kebbi za su iya magance yawancinta da kayan da ke kusa da su.

Fara da mazaunin injin, domin nan ne babban aikin. Tebur mai rawa ba wurin firinta ba ne. Nemi falan kankare mai nauyi, ka shimfiɗa soson katifa mai tauri a ƙarƙashinsa, sannan ka ɗora firintar a kan kankaren. Nauyin yana danne motsin injin, soson kuma yana hana shi ratsa tebur. Kada ka sa soson tsakanin firinta da kankare, lilo za ta yi ta yi. Janareta ma a nisanta shi.

Daga nan kashe wuta, ka ɗauki alanki ka bi notunan jikin injin ɗaya bayan ɗaya. Sauke naɗin robar bugawa da ke can sama ka ajiye shi a gefe, saboda nauyi a sama yana ƙara tangaɗi.

Yanzu kama farantin da ake bugawa a kai, ka jijjiga shi. In ya yi ƙwas-ƙwas, tayoyin ƙarƙashinsa sun saki. Akwai noti mai kusurwa shida a jikinsu. Juya shi da sifana kaɗan-kaɗan har farantin ya daina rawa, amma tayar ta riƙa juyuwa da yatsa. Matsewa da yawa tana cinye tayoyin. Lokacin hunturu ƙura kan taru a hanyarsu, sai a goge da tsumma kafin kowane aiki.

Bel ɗin da ke jan farantin ko kan firintar kuwa, ɗan taɓa shi kamar tsirkiyar gurmi. Ya ba da amo mai kauri. In lakwas yake, ja shi.

Sai bayan wannan za ka shiga manhajar Cura, wadda ke shirya wa firinta abin da za ta buga. Rage gudun buga bangon waje zuwa milimita 25 ko 30 a daƙiƙa, ka kuma sassauta ƙarfin tashin injin (acceleration) zuwa wajen 500 mm/s². Mai Klipper, wata manhajar sarrafa motsin firinta, zai iya auna girgizar da ƙaramar na'urar ADXL345, Klipper ta daidaita motsin da kanta, sai dai ba ta ɗaure notin da ya kwance.

Canza abu ɗaya a lokaci guda, ka buga ɗan akwatin gwaji, ka kwatanta da na baya.